Me ya sa shuɗin M78 ya ɓace a hotona bayan awa uku?

Habibu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu ɗaukar hoton sama. Na zo muku da wata matsala da ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su duba mini inda na kauce hanya.

Kusan shekara guda ke nan ina ɗaukar hoton nebuloli, wato gajimaren iska da ƙura na sararin samaniya, masu jan haske, kuma alhamdu lillahi ina samun abin da ke faranta mini rai. Ina aiki da madubin hangen nesa mai faɗin ido milimita 80 da tsawon tattara haske milimita 480, da kyamara mai launi wadda ke sanyaya kanta, sai kuma matacin haske mai ƙofa biyu, wanda ke barin jan hasken haidirojin da koren hasken oksijin su wuce, ya tare sauran. Da yake fitilu sun kewaye inda nake ta kowane gefe, wannan mataci ya zame mini abokin tafiya, ban taɓa cire shi ba tun ranar da na ɗaura shi.

A makon jiya na juya madubin zuwa M78 da ke cikin taurarin Oriyon, domin na daɗe ina sha'awar shuɗin nan nata mai kama da hayaƙi da baƙin layin ƙura da ya ratsa ta. Na ɗauki hoto 60, kowanne na sakan 180, wato awa uku cif, taurari sun fito a zagaye, ba su ja wutsiya ba. Amma da na haɗa hotunan, sai na ga wani ɗan tabo mai launin toka kewaye da taurari biyu, gefen hoton kuma ya yi jawur. Na yi ƙoƙarin ƙara wa shuɗin ƙarfi a kwamfuta, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, da na duhunta bayan hoton domin in ɓoye tsakin, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Shin lokacin ne bai isa ba, ko madubina ne ya yi wa wannan nebula ƙanƙanta, ko kuwa akwai abin da ban fahimta ba game da ita kanta?

Malam Isiyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa Habibu. Madubinka ba shi da laifi, kuma ko da ka ninka awa ukun nan sau uku da wannan mataci a gaban kyamara, abin da za ka samu ba zai kai yadda kake so ba. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta taɓo gaskiyar lamarin, don haka bari in tsaya a kanta.

Nebulolin da ka saba ɗauka su ke fitar da haskensu. Taurarin da ke cikinsu suna da tsananin zafi, haskensu mai ƙarfi yana fizge wa haidirojin ilaktaron ɗinsa, idan ilaktaron ya dawo mazauninsa sai iskar ta fidda haske a wasu 'yan layuka ƙididdigaggu, wanda ya fi shahara shi ne jan nan da ke kan nanomita 656 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launuka). Mataci irin naka an ƙera shi ne daidai da waɗannan layuka, shi ya sa yake yi maka aiki a tsakiyar fitilu. M78 kuwa aron haske take yi. Taurari biyun da ka gani a tsakiyar tabon, waɗanda ake kira HD 38563A da HD 38563B, zafinsu bai kai ya kunna iskar da ke kewaye da su sosai ba, abin da haskensu ke yi shi ne ya faɗa kan ƙwayoyin ƙura ya tarwatse, wani kaso ya nufo mu. Ka tuna yadda kake ganin ƙura na yawo a cikin ɗaki idan hasken rana ya kutso ta kafar taga: ƙurar ba ta ƙonewa, ba ta kuma fidda komai, hasken da ya same ta ne kawai take juyowa zuwa idonka. Ƙwayoyin ƙurar sararin samaniya, waɗanda galibinsu na kabon ne da dangin duwatsu, ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma ƙwaya mai wannan ƙanƙanta ta fi tarwatsa shuɗin haske a kan ja. Daga nan shuɗin da kake nema ya samo asali.

An daɗe da gano wannan. Pierre Méchain ya ga M78 a 1780, Charles Messier ya shigar da ita cikin jerinsa a wannan shekara, amma babu wanda ya san abin da ke haskaka irin wannan hazo sai a 1912, lokacin da Vesto Slipher ya rarrabe hasken hazon da ke kewaye da tauraron Merope, a cikin taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, ya tarar cewa bakan hasken hazon iri ɗaya ne da na taurarin da ke kusa da shi. A 1922 Edwin Hubble ya nuna cewa zafin tauraro ne ke raba nebula mai fidda haske da mai aronsa.

To ga inda abin ya shafe ka. Tunda hasken M78 hasken tauraro ne, a shimfiɗe yake a kan dukkan launuka, daga wajen nanomita 400 zuwa 700, wato faɗin nanomita 300. Idan kowace ƙofa ta matacinka nanomita 7 ce, ka bar nanomita 14 ne kacal a buɗe, abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Gaskiya ne ka rage hasken fitilu, amma ka rage hasken nebular da irin wannan gwargwado, ka kuma toshe mafi yawan shuɗin da ke ƙasa da nanomita 490, inda kyawunta yake. Jan da ya mamaye gefen hotonka kuwa ba kuskure ba ne, Zoben Barnard ne, wani ƙaton baka na haidirojin da ya kewaye gabashin Oriyon, wanda Edward Barnard ya ɗauki hotonsa a 1894. Matacinka ya yi aikin da aka yi shi dominsa, ya kamo maka abin da ya san kamawa.

Shawarata ita ce ka cire shi, ka sa mataci mai sauƙi wanda ke tare hasken da ido ba ya gani kawai, na bayan ja da na bayan shuɗi, sannan ka nemi dare marar wata. Wata babban abokin gaba ne ga irin wannan hoto, domin haskensa ma aron hasken rana ne mai dukkan launuka, ba wani mataci da zai raba shi da na nebular. Idan da hali ka fita inda sama ke da duhu na gaske, ka fita. Lissafin ba shi da tausayi: idan sararin da ke kanka ya fi na wani wuri haske sau 10, sai ka yi awa 10 kafin ka sami tsabtar hoton da mai wancan wuri zai samu a awa ɗaya. Haka kuma tsabtar hoto ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci, sai ka ninka lokaci sau huɗu kafin ta ninku sau biyu. Ka kuma rage tsawon kowane hoto, domin da zarar ka cire matacin, sakan 180 a ƙarƙashin fitilu zai cika kyamarar da hasken sama ya ƙone maka launin taurari. Ka fara gwada sakan 60, ka duba.

Malama Rabi ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malam Habibu. Malam Isiyaku ya gama bayani a kan mataci, ba ni da abin ƙarawa a nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi cewa ka duhunta bayan hoton domin ka ɓoye tsaki, domin ni ma na yi shekara biyu ina aikata wannan kafin in gane irin asarar da nake yi.

A yankin M78 kusan babu wurin da za a kira sarari fanko. Ɗan shuɗin da ido ke fara kaiwa gare shi faɗinsa bai wuce minti 8 na baka ba, wato wajen rubu'in faɗin wata, amma shi ɗan lungu ne kawai da haske ya faɗa a jikin wani ƙaton gajimaren iska da ƙura da ake kira Oriyon B, mai nisan tafiyar haske ta shekara 1,350 ko kusa da haka daga gare mu. Cikin irin wannan gajimare sanyi yana kaiwa kusan digiri 260 ƙasa da sifili, kuma a wannan sanyi ne iska ke dunƙulewa a ƙarƙashin nauyinta har ta zama tauraro. Saboda haka baƙin layin da ya ratsa M78, da duhun da ya raba ta da maƙwabciyarta NGC 2071 ta arewa, da ruwan ƙasa-ƙasan da ya bazu ko'ina, su ne ainihin wurin haihuwar taurarin. Wanda ya mayar da su baƙi ƙirin ya share rabin abin da ya kwana yana ɗauka.

Ranar da na fara ganin wannan ƙura ba zan manta da ita ba. Na tara wajen awa 14 a darare biyar, na buɗe hoton a hankali ba tare da na taɓa ma'aunin duhu ba, sai na lura cewa a wani ɓangare taurari sun yi cincirindo kamar an zuba gishiri, a wani ɓangaren kuma sai ɗaiɗaiku, su ma jajaye-jajaye, kamar garwashin da toka ta rufe. Na ɗauka datti ne a jikin gilashi, har na tashi zan sake ɗaukar hotunan da ake gyara inuwar datti da su. Daga baya na fahimci cewa ƙurar ce ta tare taurarin da ke bayanta, waɗanda suka samu kutsowa kuma ta ƙwace musu shuɗinsu a hanya, kamar yadda rana ke yin ja idan ta kusa faɗuwa. Ƙurar da ta ba ka shuɗi a gefe ɗaya ita ce ta ba ka ja a ɗaya gefen, abu guda ne kake kallo ta fuska biyu.

Wannan ya sa nake jan kunnenka game da kayan aikin da ke daidaita hasken bayan hoto, ko a Siril ne, ko PixInsight, ko GraXpert. Aikinsu shi ne su auna hasken sama a wurare daban-daban su cire abin da fitilu suka ƙara, amma ba su san bambancin hasken fitila da hasken ƙura ba. Idan ka bar manhajar ta zuba ɗigogin awonta yadda ta ga dama, za ta ɗora su a kan ƙurar, ta ɗauke ta a matsayin ƙazanta, ta kwashe. Ni da hannuna nake ajiye ɗigogin, 'yan kaɗan, a inda taurari suka fi yawa, domin yawan taurari shi ne shaidar cewa ƙura ba ta da kauri a wurin. Hotunan farin fili kuwa, waɗanda ake ɗauka domin gyara duhun kusurwoyi da inuwar datti, ba abin wasa ba ne a nan. A kan nebula mai ƙarfi kana iya yin sakaci da su ka tsira, amma a kan ƙurar da haskenta ya ɗara na sama da ɗan ƙiris, ƙaramin kuskure sai ya fito kamar zobe a tsakiyar hoton. Ka kuma sa manhajar da ke riƙe madubin ta riƙa gusa shi kaɗan tsakanin hoto da hoto, domin tsakin kyamara kada ya riƙa faɗawa wuri ɗaya.

Game da launi, kada ka tura shuɗi da hannu. Ka bar manhajar ta gwada launin taurarin hotonka da abin da aka auna a kundin taurari na Gaia, ta daidaita ja da kore da shuɗi a kan haka. Shuɗin da zai fito mai laushi ne, ya ɗan karkata zuwa toka, kuma shi ne na gaskiya. Na sha ganin hotunan M78 da aka mayar kamar an tsoma su a baba, ni dai ba sa burge ni, domin da zarar shuɗin ya yi kauri haka, siraran zaren ƙurar da ke cikinsa sun nutse.

Ɗanjuma ya amsa:

Ina neman afuwar Malam Isiyaku, akwai wuri ɗaya da na ɗan saɓa masa. Na yarda cewa a cire matacin domin a sami shuɗi da ƙura, amma ban yarda a ce awa ukun da Habibu ya yi sun tafi a banza ba, kuma ina ba shi shawara kada ya goge su.

Dalilina shi ne yankin ba aron haske kaɗai ke cikinsa ba. Jaririn tauraro, lokacin da yake zuƙar iska daga faifan da ke kewaye da shi, yana harba wani kaso nata ta samansa da ƙasansa da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan ɗaya. Inda wannan feshi ya yi karo da iskar da ke kwance, wurin yakan yi zafi ya fidda haskensa na kansa, kuma mafi yawansa a jan layin haidirojin da na farar wuta yake. Waɗannan su ne ake kira abubuwan Herbig da Haro, da sunan George Herbig da Guillermo Haro da suka yi nazarinsu a wajajen 1950. Akwai su da dama a kewayen M78, kuma kudu da ita kaɗan akwai HH 24, wadda madubin Hubble da ke sararin samaniya ya fitar da hotonta a 2015. A madubi mai milimita 80 ba za su wuce 'yan jajayen ɗigo da gajerun zare a cikin baƙar ƙura ba, amma a ganina su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa ana haihuwar taurari a wurin yanzu haka. Idan Habibu ya ciro jan da ke cikin tsohon hotonsa ya zuba shi kaɗan a kan sabon, ɗigogin za su fito, Zoben Barnard ma zai sami siffarsa a gefe. Sharaɗin dai shi ne a zuba da hankali, domin idan ja ya yi yawa sai ya rine ƙurar ta koma kamar nebula mai fidda haske, ka ga an faɗi abin da ba haka yake ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba na so Habibu ya raina madubinsa. A watan Janairun 2004 wani mai sha'awar taurari a jihar Kentaki ta Amurka, Jay McNeil, ya ɗauki hoton M78 da madubin da faɗinsa inci 3 ne, wato bai ma kai na Habibu ba, sai ya ga wani ɗan hazo kudu da ita wanda ba ya cikin hotunan da ya gwada da su. Ashe wani jaririn tauraro ne, V1647 Orionis, ya yi wata irin tashin haske ya haskaka ƙurar da ke kewaye da shi. Hazon, wanda yanzu ake kira da sunan McNeil, ya dushe a 2006, ya dawo a 2008, sannan a watan Nuwamban 2018 masu kallo suka ba da labarin cewa ya sake ɓacewa. Ke nan duk wanda ya ɗauki hoton wannan yanki, ya kamata ya rubuta kwanan wata ya leƙa wannan lungu ya ga ko hazon na nan ko babu.

Malam Isiyaku ya sake amsawa:

Ɗanjuma, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyaranka. Hankalina ya tafi kan shuɗin da Habibu ya tambaya, na bar jan da ya riga ya samu. Abin da kawai zan ƙara shi ne ya fara gama hoton mai dukkan launuka, ya daidaita launinsa yadda Malama Rabi ta faɗa, kafin ya kawo jan, domin idan ya haɗa su tun farko awon launin taurari zai karkace.

Maganarka ta kuma tuna mini da wani bambanci da ya kamata Habibu ya riƙe. Ba kowace nebula mai aron haske ce mahaifar taurarin da ke haskaka ta ba. Taurarin Kaza da 'Ya'yanta sun kai shekara miliyan 100, ƙurar da aka haife su a ciki ta daɗe da watsewa, wadda muke gani a kansu yanzu gajimare ne da hanya ta haɗa su da shi. A M78 kuwa taurarin suna cikin gajimaren da ya haife su, wasu ma ƙura ta lulluɓe su ta yadda kyamarorinmu ba za su taɓa ganinsu ba, sai na'urar da ke kama hasken da ke bayan ja. Da irin wannan haske ne madubin Euclid na Turai ya leƙa cikin M78 a hoton da aka fitar a watan Mayun 2024, inda taurarin da ke ɓoye a bayan baƙin layin suka bayyana.

Habibu ya dawo:

Malam Isiyaku, Malama Rabi, Ɗanjuma, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Na jinkirta amsa ne domin ina jiran wata ya ja baya. Na cire matacin, na fita nesa da fitilu darare biyu, na tara awa biyar da rabi a hotuna na sakan 120, na kuma ɗauki hotunan farin fili kafin in kwance kayan kowane dare. Tun a hoto na farko da ya sauko kan allo shuɗin ya fito, tare da baƙin layin da ya lanƙwasa ta gefensa, abin da awa uku ba su ba ni ba a baya. Na ajiye ɗigogin awo guda tara kacal da hannuna, ƙurar ruwan ƙasa ta tsaya a wurinta, ko da yake har yanzu akwai tsaki a cikinta, don haka ina shirin ƙara wasu awanni kafin Oriyon ya fara faɗuwa da wuri.

Na leƙa lungun McNeil kamar yadda Ɗanjuma ya ce, na rubuta kwanan wata, amma tsakin da ke wurin bai bar ni in yanke hukunci a kan abin da nake gani ba tukuna. Tsohon hoton yana nan ban goge ba. Malama Rabi, idan na zo zuba jan, shin in raba taurari da nebula tukuna in zuba a kan nebular kaɗai, ko in zuba a kan hoton gaba ɗaya? Ina tsoron kada jajayen taurarin nan da ke bayan ƙura su canza launi.